Wace kalma za mu ba "surréalisme" da Hausa?

1. Malamai da 'yan'uwa, ina fassara wani rubutu kan masu zanen Turai sai na ci karo da wannan kalma ta Faransanci, kuma ban yarda in rubuta "suriyalizim" in wuce ba, domin wanda bai san kalmar ba ba zai ƙaru da komai ba. Mawaƙi Guillaume Apollinaire ne ya ƙirƙiro ta a 1917, daga "sur", wato sama da, da kuma kalmar da ke nufin abin da yake zahiri. Marubuci André Breton ya mayar da ita sunan wata tafiya ta marubuta da masu zane lokacin da ya wallafa bayanin manufarta a Paris a 1924.

2. Kafin a raɗa suna, ya kamata a san abin da mutanen ke nema. Breton ya yi aiki a asibitin sojojin da suka samu taɓin hankali a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma karanta ra'ayin Sigmund Freud, likita mai nazarin tunanin ɗan Adam, game da mafarki. Shi da abokansa sun ga cewa hankalin da Turai ke alfahari da shi ne ya kai ta ga wannan kisan, don haka suka nemi buɗe ƙofa ga abin da ke kwance a ƙarƙashin tunani, su haɗa mafarki da farke su zama gaskiya ɗaya wadda ta fi kowannensu faɗi.

3. Wani ya ba da shawarar "zanen tatsuniya", wani kuma "zanen almara". Ban gamsu ba. Mai tatsuniya yakan ce "ga ta nan, ga ta nanku" don a san an bar duniya, ya rufe da "ƙurunƙus" don a san an dawo. Mai zane Salvador Dalí ɗan Sifen bai yi wa kowa wannan sallamar ba: a zanensa na 1931 agogo ne sosai, da lambobinsa da hannayensa, amma ya narke yana rataye a reshen itace kamar tsumma, tururuwa kuma sun taru a kan wani agogon, alhali duwatsun da ke baya na gaɓar tekun yankinsu ne na Kataloniya. Shi kansa ya ce cuku mai narkewa ne ya kawo masa hoton.

4. "Mafarkin ido biyu" ya fi kusa, har na so in tsaya a kansa, musamman da na tuna dabarar Dalí ta yin gyangyaɗi a kujera riƙe da mukulli a saman faranti, don ƙarar faɗuwarsa ta tashe shi ya kama abin da ya fara gani. Sai dai mu kan faɗi wannan ne ga mai burin da ba zai cika ba, akwai gatse a ciki. Haka kuma ba ya ɗaukar René Magritte ɗan Beljiyam, wanda a 1929 ya zana lofe tsaf, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ba lofe ba ne. Babu mafarki a nan. Tambaya ce yake yi kan tazarar da ke tsakanin abu da hotonsa da sunansa. "Zanen baɗini" kuwa na ajiye shi, domin kalmar ta riga ta sami mazauni a wajen malamai.

5. Abin da na tsayar shi ne "zarce-zahiri". Ya bi ginin kalmar ta asali, kuma "zarce" na nuna cewa an ratsa ta cikin zahirin kafin a wuce shi, kamar yadda agogon Dalí ya fara zama agogo kafin ya narke. Yana kuma shiga jimla ba tare da gargada ba: zanen zarce-zahiri, waƙar zarce-zahiri, 'yan zarce-zahiri na Paris. Da shi zan ci gaba da fassarar, sai dai in wani malami ya kawo wanda ya fi shi daɗin faɗa.