Muhawara: wai Firaminista Narendra Modi ya sha kaye a zaɓen Indiya na 2024?

Malam Habu: Jama'a, abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa na maganar zaɓen majalisar Indiya na 2024, amma ba mai duba yadda 'yan adawa suka raba mazaɓu a tsakaninsu. A jihar Uttar Pradesh mai kujeru 80, jam'iyyar Samajwadi ta bar wa Congress, babbar jam'iyyar adawa, mazaɓu 17 don kada su yi karo. Samajwadi ta kwashe 37, Congress ta samu 6, BJP, jam'iyyar Modi, kuwa ta zamo daga 62 zuwa 33. Da wannan dabara Modi ya sha kaye.

Alhaji Tanimu: Kaye, Malam? Mutumin da aka rantsar ranar 9 ga Yuni karo na uku? Kujerun majalisar 543 ne, ana kafa gwamnati da 272, ƙawancen NDA da BJP ke jagoranta ya samu 293. Ina kayen?

Hajiya Rabi: Alhaji, ai ka ɓoye rabin lissafin. BJP ita kaɗai 240 ta samu, alhali a 2019 tana da 303. Da bakinsu suka ce ƙawancensu zai haura 400. Yau in abokan ƙawancenta suka juya baya, Chandrababu Naidu ya janye kujerunsa 16, Nitish Kumar ya janye 12, saura 265. Wanda ke tsaye da sandar aro ai ya faɗi, ƙasa ce kawai bai taɓa ba.

Alhaji Tanimu: Hajiya, raguwa daban, kaye daban. Congress ɗin da kike wa guɗa 99 ta samu, ko rabin na BJP ba ta kai ba.

Hajiya Rabi: Daga 52 fa ta taso. Sai jam'iyya ta riƙe kashi 10 cikin 100 na kujeru, wato 55, ake ba ta shugaban 'yan adawa. Shekara goma kujerar nan babu kowa a kai, yanzu Rahul Gandhi na Congress ya hau. Har mazaɓar Faizabad, inda aka gina wurin ibadar Hindu na Ayodhya da BJP ke alfahari da shi, ta suɓuce wa BJP.

Sagir: Ranki ya daɗe, ni 234 ɗin da ake lissafa wa ƙawancen 'yan adawa na INDIA ne ban yarda da shi ba. A ciki akwai 29 na jam'iyyar Mamata Banerjee, kuma a Bengal ta Yamma ita kaɗai ta tsaya, har da Congress ta kara.

Hajiya Rabi: A majalisa wane ɓangare 'yan jam'iyyarta suke zama, Sagir? Amsa mini wannan.

Malam Habu: Don Allah a dawo kan rabon mazaɓu. Abin da Sagir ya kawo ma shi nake nufi.

Danladi: Ni na'urar zaɓen ce damuwata. Mai zaɓe ya danna, takardar shaida ta bayyana a bayan gilashi na daƙiƙa 7, ta faɗa akwati. Amma rumfuna 5 kacal ake ƙirga takardunsu a kowace mazaɓar majalisar jiha, kuma a Afrilun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a ƙirga duka. Wakilin jam'iyyar da ya bar rumfa bai karɓi fom 17C, takardar adadin ƙuri'un da aka kaɗa a rumfar, ba, ba shi da abin da zai gwada da sakamako ranar ƙirga.

Alhaji Tanimu: Ɗan'uwa, na'urar da ta ba ƙawancen jam'iyyar adawa ta DMK kujeru 39 cikin 39 a Tamil Nadu ita kake zargi? In kun ci na'ura lafiya lau, in kun faɗi an murɗe.

Danladi: Alhaji, ban ce an murɗe ba, kar ka sa mini magana a baki. Amma an kama Kejriwal, ɗan adawa kuma shugaban gwamnatin Delhi a lokacin, a watan Maris, an rufe asusun Congress kan batun haraji ana dab da zaɓe. Wannan filin ka kira daidai?

Alhaji Tanimu: Bari in taƙaita, tunda dare ya yi. An amince Modi ne firaminista, NDA na da 293, BJP ce ta fi kowa kujeru, har ta cinye 20 cikin 21 a Odisha. Maganar kaye ba a kawo mata hujja ba, ta na'ura kuma zato ce.

Hajiya Rabi: Wa ya amince, Alhaji? Ka tsallake kujeru 63 da BJP ta rasa.