Demans da Hausa, mi za mu ce?

Barira: Salamu alaikum jama'a. Ran 21 ga Satumba ce ranar ciwon Alzaima ta duniya, an ba ni minti ashirin a radiyo kuma jibi za mu ɗauki shirin, har yanzu ban da kalmar demans, ciwon nan na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum mantuwa da ruɗewa, da Hausa. Takardar shirin da Faransanci take, tana maganar yadda unguwa za ta riƙe masu ciwon, masallaci, kasuwa, ƴan kabu-kabu, to in ban da sunan ciwon da mi zan fara. Ku taimaka don Allah.

Rabe: Gigin tsufa mana, haka muka taso muka ji.

Hajiya Cima: A'a Rabe. Shekaruna a likita na ga abin da kalmar nan take jawowa, da an ce gigin tsufa sai iyali su ce ai tsufa ne ba a kai shi ko'ina, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ga tsofaffi nan masu shekara tamanin da hankalinsu garau, kuma na ga wanda bai kai sittin ba ya kamu. Wani hawan jini ne da shanyewar ɓarin jiki ke kawo mishi. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce masu demans sun fi mutum miliyan 55 a duniya, Alzaima kuma ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kenan ba duk demans ce Alzaima ba, ƴata kar ki haɗa su.

Sahabi: Ni dai cutar mantuwa nake ji a radiyoyin waje da na Najeriya.

Mushe Lawali: Ga ta nan. Kullum sai mun zauna jiran Kano ta raɗa muna suna kamar mu nan Katsinar Maraɗi ba mu da Hausa. Kuma mantuwa ta yi kaɗan, kowa na mantuwa, ni ma jiya na manta makullin babur. Ni na daɗe da nawa: zaizayar tunani. Ku dubi yadda gulbi ke cin gaɓa da damina, kaɗan kaɗan har gonar mutum ta tafi, haka ciwon yake.

Sahabi: Mushe ba maganar Kano ba ce, maganar tsohuwa ce da ke saurare a Tibiri, in ta ji zaizaya shirin ƴan noma za ta zata.

Mushe Lawali: Kalma sai an faɗe ta ake sabawa. Wa aka haifa da sanin kwamfuta?

Rabe: To mu da muke cewa lakwal da kaye, wace tsantsar Hausa kuma za mu nuna ma Kanawa

Mushe Lawali: Aro daban, raina naka daban Rabe.

Malam Isuhu: Ku yi haƙuri. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, arzalul umuri, mutum ya koma bai san komi ba bayan ya sani. Ba suna nake ba ki ba Barira, amma in kin kawo ayar limamai za su ɗauki maganar zuwa huɗuba.

Barira: Na gode malam, za ta shiga. Mushe kalmarka ta taɓa ni wallahi don haka kakata ta yi, amma bari in faɗi abin da nake tsoro. Wata rana da la'asar ta fita da takalmi ƙafa ɗaya wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba, yara suka bi ta suna mahaukaciya mahaukaciya, wata mata ma ta janye ɗanta tana cewa mayya. Ɗan kabu-kabu ne ya gane ta wajen tasha ya maido ta ko dala bai karɓa ba. Daga nan muka ɗinka mata lambar waya a bakin zane, mai tiredan unguwa kuma muka yi da shi in ta ɗauki sukari ya ƙyale ta, mu biya da dare. Sunan da nake nema shi ne wanda in ɗan kabu-kabu ko mai tireda ya ji zai gane mara lafiya ce nan take, wanda kuma yara ba za su maida shi waƙar tsokana ba.

Hajiya Cima: To ki ce ciwon mantuwa, ciwo ba cuta ba, kar a zata ana ɗauka a guje su. Sai ki ƙara da cewa yana taɓa magana da hali da gane hanya. Kuma kar ki ce mantau, wannan laƙabi ne, gobe za ki ji shi bakin yara.

Barira: Ciwon mantuwa zan ce Hajiya. Zaizayar gulbi kuma zan kawo ta wajen bayani.

Mushe Lawali: Ban yarda mantuwa ta isa ba, har gobe. Amma ki yi, lokaci ya ƙure. In an zo rubuta shi a littafin lakwal za mu sake zama.

Barira: Saura yadda zan ce unguwar da ke karɓar masu ciwon hannu biyu, wannan ma ban samu gajere ba.

Rabe: Unguwa mai riƙon tsofaffi?

Hajiya Cima: Ka sake maido tsufa ciki Rabe.