Yoga ga yaro mai galahanga: ƙafafunsa na sandarewa

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 yana da larurar galahanga, irin wadda ke sandarar da ƙafafu, kuma likitar gashi ta amince mu haɗa masa da yoga mai sauƙi. Atisayen numfashi ba ya ba shi wahala, amma da zarar ya zauna ya miƙe ƙafafu zai sunkuya gaba, sai cinyoyinsa su harɗe kamar almakashi, ƙafarsa ta dama ta kama karkarwa. Na sa masa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, na rage sauri, na gwada bayan wanka da ruwan ɗumi, duk ba ta sauya zani ba. Don Allah, wane salon yoga ne zai saki jijiyoyin bayan cinya ba tare da ya tayar da sandarewar ba?