Musayar Waƙa: Daga Teburin Firimiya Zuwa El Fasher

Ɗan United:
Salamu alaikum 'yan Arsenal, ina gajiya?
Ku ne gwanayen gudu a farkon tafiya,
Sai an hango kofi ƙafa ta kamu da ciwon jijiya,
A dawo ana ce mana baɗi ma rana ce, Allah ba da lafiya.

2023 na biyu, 2024 na biyu,
2025 da aka duba teburi, na biyu,
Kullum ku ne abokan ango in an shiga Mayu,
Ni dai ina mamakin yadda zuciyarku ta rayu.

Ɗan Arsenal:
Amin wa alaika Yaya, zo zauna ka huta,
Wanda ya ƙare na 15 shi ne yau da tsokanata?
Tottenham ta shekara 17 kofi bai san ƙofarta,
Ci ɗaya mai ban haushi a Bilbao, da ku ta share hawayenta.

Tun 2013 da Ferguson ya yi muku sallama,
Kuke ta sauya koci, ba wanda ya kai ku sama,
Mu a 2004 ba a doke mu ba, ko ka manta ma?
Wasa 38, je ka ƙirga, ka dawo mu gama.

'Yar Barcelona:
Yayyena ku sassauta, ciwonku iri ɗaya ne,
Ɗaya na cin tarihi, ɗaya alkawari yake ci, duk yunwa ne.

Ɗan United:
Ƙanwata, da kin yi shiru da mun bar ki lafiya,
Takwas da biyu a Lisbon, Bayern ba ta san ya isa ba ko ɗaya.

'Yar Barcelona:
Na ji, an ci mu takwas, ban ce ba a yi ba,
Amma rigar da aka ci mu da ita ba ta ba ni kunya ba.
A 2006 muka sa UNICEF a ƙirji, ba su biya mu ba,
Mu ke ba su Yuro miliyan ɗaya da rabi duk shekara, ba bashi ba.

To Yaya na Arsenal, ɗaga hannun rigarka na hagu mu gani,
A 2018 kuka ɗauko tallar Ruwanda, kuka yi ta kiran baƙi su zo gani,
Janairun 2025 ƙungiyar tawayen M23 ta shiga Goma ta Kwango, gari ya zama abin tausayi,
Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Kigali na bayanta, Kigali ta ce ba ta yi.

Ministar wajen Kwango har wasiƙa ta rubuto muku,
Ku da Bayern da PSG, ta ce ku duba kuɗin da ke shiga aljihunku.

Ɗan Arsenal:
Nan kam kin taɓa inda ke ciwo, ba zan yi musu ba,
Amma ki sani magoya bayanmu ma ba su yi shiru ba,
Wasu sun kafa allon talla a Landan, ba don wasa kaɗai ba,
Suka ce gara a tallata Tottenham, a kai baƙi can su sha kallo, in dai ba a daina ba.

Ki auna fa, ɗan Arsenal ya yarda a ziyarci Tottenham,
In ba abin ya kai maƙura ba, wa zai furta wannan kalam?

Baba Mai Chelsea:
'Ya'yana ku ba ni fili in sa baki kaɗan,
Zancen nan ya tuna mini wata rana a Sudan,
Oktoban 2005, a filin Merrikh na Omdurman,
Giwayen Kwadebuwa suka ci uku da ɗaya a nan,
Suka sami gurbin Kofin Duniya karon farko.

A lokacin yaƙi ya tsaga ƙasarsu,
'Yan tawaye na Bouake, Abidjan na gwamnatinsu,
Drogba ya ɗau makirfo a ɗakin sauya kayansu,
Suka zube gaban kyamara a kan gwiwoyinsu,
A aje bindiga, a yafi juna, shi ne roƙo.

Ƙasar da aka yi roƙon a cikinta ita ta kama da wuta,
Tun 15 ga Afrilun 2023 bindiga ta ƙi ta huta,
Burhan na soja da Hemedti na dakarun RSF, kowa na son shi ya mallake ta,
Mutum fiye da miliyan 10 sun bar gida don tsoronta,
Mai gida jiya, yau a Adre ta Chadi shi ne baƙo.

A sansanin Zamzam na Darfur aka tabbatar da yunwa,
Agustan 2024 masana suka yi sanarwa,
El Fasher ta fi shekara a ƙawanya, ba fita ba shigowa,
Oktoban 2025 RSF ta shige ta, aka yi kisa ba ƙirgawa,
Mu kuwa muna nan muna gardamar wa ya ci ƙwallo.

'Yar Barcelona:
Baba, ranar ba za ta ɓace mini ba, 26 ga wata, Lahadi,
Madrid ta ci mu biyu da ɗaya, muka kwana ba daɗi,
Waya ta cika da Mbappe da Bellingham, kowa na faɗi,
Labarin El Fasher kuwa sai mai naci ya tono kafin ya ji an faɗi.

Ɗan United:
Amma Baba, 'yan ƙwallonsu fa ba su zauna ba,
Hilal da Merrikh gasar Muritaniya suka shiga, ba su watse ba,
Tawagar ƙasa a Benghazi ta karɓi baƙi, ba a Khartoum ba,
Can ta ci Ghana biyu da nema, abin da Accra ba ta zata ba.

Kocin kuma Kwesi Appiah, mutumin Ghana ne fa,
Ya kai Sudan Maroko, 'yan'uwansa suka kalli Kofin Afirka daga kan katifa.

Ɗan City na ga ka shigo tun ɗazu ka laɓe,
Fito ka gaya mana mai kulob ɗinku, kar ka ce bakinka ya liƙe.

Ɗan City:
Yaya ban laɓe ba, amsar ce ke da nauyi,
Sheikh Mansour ne, tun 2008 ya saye mu ya yi mana gata da yayi,
Mataimakin shugaban Daular Larabawa ne, wannan ba ɓoyayye ba,
Ana zargin ƙasarsa da ba RSF makamai, ita kuma ta ce ba ta yi ba.

Sudan ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague,
Mayun 2025 kotu ta ce ba ta da hurumi, aka rufe fayil aka tashi.
Ba a ce an yi ba, ba a ce ba a yi ba, haka aka bar mu,
Tuhuma 115 ta Firimiya kan karya dokar kuɗi na saba ku yi mini dariya da ita,
Wannan kuwa ko baitin ya ƙi daidaita a bakina.

Baba Mai Chelsea:
To ga shawarar tsoho, in kun yarda mu ƙulla,
Duk ƙwallon da aka zura a ragar kulob ɗinka ka ciro wani abu ka tara,
Ƙarshen wata mu aika wa likitocin agaji na MSF ko Hukumar Abinci ta Duniya,
Wanda ya ɓoye ci ɗaya, 'Yar Barcelona ce mai tona asiri, ba ta da mantuwa.

Ɗan United:
Baba na yarda, amma a duba lamarina da adalci,
A sa mini iyaka, don 'yan bayanmu ba su san ciwon aljihuna ba, wallahi.

Ɗan Arsenal:
Babu iyaka Yaya, ko ɗaya ba za a rage maka ba,
Ni zan riƙe littafin, kuma har na wasan sada zumunta ba zan yafe ba.