Ƙugi da "ƙas-ƙas" a sifika: me kuka yi wa wutar gidanku?

Baban Iman: Assalamu alaikum. Amfilifaya da sifiku biyu gare ni a falo. Da magariba ta yi, wuta ta yi ƙasa, sai sauti ya rasa nauyi, ga wani ƙugi da ba ya tafiya ko na rage murya. Wanda ya taɓa fama da haka, me ya yi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ka fara aunawa kafin ka kashe ko sisi. Wuta mai ƙarfin volt 230 ya kamata ta zo, amma mitata 170 take nunawa da dare. Na fara da sitabilaiza mai rile, wato makunnin da ke sauya matakin wuta da kansa, sai dai duk sanda ta sauya mataki sai na ji "ƙas" a sifika. Na koma wa mai ɗan ƙaramin inji mai juyawa a ciki, wadda ke gyara wutar a hankali, "ƙas" ya ɓace, nauyin sauti ya dawo. Ƙugin kuwa yana nan daram.

Mai Waya Zariya: Dole ya zauna, Malam. Sitabilaiza ƙarfin wuta take daidaitawa, ba ruwanta da ƙugi. Yawanci matsalar at ce, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Baban Iman, zare duk wayoyin da ke shiga bayan amfilifaya, ka bar na sifika kawai. In ta yi tsit, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A gidana wayar dish ce: ina taɓa ta da dikoda ƙugin ke tashi, domin talabijin na wani soket, amfilifaya na wani. Na haɗa su a ekstenshan ɗaya, ya ragu sosai. Da na buɗe soket ɗin falon kuma, wayar at na naɗe a ciki, mai aikin bai kai ta ko'ina ba! Muka kafa sandar tagulla a bayan gida, muka zuba gawayi da gishiri a ramin. Da rani nakan kwarara mata ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta sosai. Wasu za su ce ka karya ƙafar filogi ta uku, wato ta at. Ƙugin zai iya yin shiru, amma ranar da wayar wuta ta taɓa ƙarfen jikin amfilifaya, kai wutar za ta bi.

Maman Khalifa: Ni firiza ce. Tana tashi sifika ta yi "ɗas". Mai gyara ya jawo wa falo layinsa daban daga akwatin bireka da waya mai kaurin lamba 2.5, shi ke nan. Ku kuma lura da cajar waya mai arha, tawa tsiwa take sa wa rediyo.

Na Maraɗi: Mu a 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, sola muka koma. Inbata mai araha na samu a lokacin, sai taransifomar cikin amfilifaya ta riƙa gurnani tana zafi ko ba a kunna komai ba. Irin waɗannan ba sa fitar da wuta sumul kamar ta gari. Na sauya da wadda aka rubuta wa "pure sine wave". Yanzu ko akwai wutar gari, da batir nake sauraro, ya fi tsabta. Sai dai ka ajiye ta a wani ɗakin, fankarta na da surutu.

Ɗan Fagge: Janareta fa, Oga Mai Waya? Ƙaramin nan nake da shi.

Mai Waya Zariya: Kar ka ɗora masa amfilifaya. Wutarsa hawa da sauka take, musamman in mai ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne tsinkewar nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a falwaya: wuta na iya hawa kusan 400, ta toye kapasita, ɗan abin da ke tara wuta a cikin amfilifaya, nan take. Ka sa ɗan akwatin nan mai yanke wuta in ta wuce kima, mai jinkirta 'yan mintuna kafin ya sake ta, irin na firji. Ka duba amfiya ɗinsa ya ɗauki kayanka.