Firji ya ƙi tashi da janareta bayan guguwar Odette

Assalamu alaikum. Masu aikin firji da janareta, ku taimaka mini.

Yau kwana 12 ke nan babu wuta a unguwarmu a Cebu, ƙasar Filifin, tun da guguwar Odette ta karya turakun lantarki ranar 16 ga Disamba 2021. Insulin ɗin mai ciwon suga ne a cikin firjin, kuma wanda ba a buɗe ba yana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8.

Janaretan mai wat 1,000 ne, yana waje nesa da taga saboda hayaƙi. Firjin wat 150 aka rubuta a bayansa. Da na jona, fitilar ciki ta kama, kwampireso (injin da ke kawo sanyi a firjin) ya yi gurnani na daƙiƙa huɗu, sai "ƙas", ya mutu. Bayan minti uku ya sake, haka dai. A daidai lokacin mitar awon wuta tana faɗuwa daga bolt 220 zuwa 165, janaretan ya shaƙe kamar zai mutu.

Na cire fanka da caja. Na bar firjin ya huta minti 15. Na canja siririyar waya mai tsawon mita 20 da mai kauri ta mita 5. Duk a banza. Tukunya cikin jiƙaƙƙen rairayi don sanyaya insulin ɗin ma ba ta yi ba, iskar nan laima gare ta, ruwan ba ya bushewa. Ƙanƙara kuwa sai an yi layi.

Ta yaya zan tantance ko janaretan ne ya gaza ɗaukar fizgar tashin kwampireso, ko rilen firjin (ƙaramar na'urar da ke tayar da kwampireso) ne ya ƙone?