Wane motsa jiki ne ke kare mai juna biyu daga ciwon baya da ƙugu?

Mai tambaya:
Salamu alaikum. Don Allah masana, mace mai cikin wata biyar da bayanta ya fara riƙewa da yamma, wane motsa jiki ya dace da ita tun kafin ciwon ya sauko ƙugu? Wasu na cewa ta kwanta ta huta kawai.

Ungozoma:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yawan kwanciya ƙara sandarar da baya yake yi. Sinadaran jikin mai ciki, irin su rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, ga cikin ya turo gaba, sai mace ta riƙa gantsarewa. Aikin riƙe baya sai ya koma kan tsoka, don haka ita za a ƙarfafa.

Ta durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu saitin kafaɗa, gwiwa saitin ƙugu. Ta ja cikinta a hankali, ta tura bayanta sama ya yi doro, kai ya sunkuya, ta ƙirga biyar, sannan ta dawo baya ya miƙe. Sau 10. Inda ake kuskure shi ne wajen dawowa: kada ta bar bayan ya lotsa ƙasa, gantsarewar da ake gudu ke nan. Ta haɗa da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako, kamar minti 30 a rana, kwana biyar a mako, da saurin da za ta iya hira ba ta haki.

Likitar gashin ƙashi:
Sai dai a bambanta ciwon baya da na ƙugu. Idan zafin yana kan ƙashin mara ta gaba, ko saman ɗuwawu, kuma yana tashi wajen hawa bene ko juyi a gado, to gaɓoɓin ƙugu ne. Wannan ba ya son a ware ƙafa ko a tsaya kan ƙafa ɗaya, kuma doguwar tafiya na iya tsananta shi, gara gajere-gajere. Ta zauna in za ta sa wando, ta haɗe gwiwoyi in za ta sauka daga gado ko mota, ta kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi.

Abin da na fi so mata su riƙe shi ne matse tsokar ƙasan ƙugu, wadda ke riƙe fitsari. Ta matse kamar mai riƙe fitsari da tusa lokaci guda, ta riƙe har daƙiƙa 10 tana numfashi, ta saki gaba ɗaya. Sau 10, sau uku a rana. In cinya ko ɗuwawu ne ke matsewa, ba a kama wurin ba. Kada ta gwada lokacin da take fitsari.

Ma'aikaciyar jinya:
Daga mako 16 ta guji daɗewa a rigingine, nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar jini ya kawo jiri. Mai hawan jinin ciki, ko wadda aka ɗaure mata bakin mahaifa, ko mabiyiya ta sauko ƙasa, ta fara tambaya wajen awo. In ta ga jini ko ruwa, ko ciwon na zuwa yana tafiya kamar naƙuda, ko ya zo da zazzaɓi da zafin fitsari, ta dakata ta nufi asibiti a take. Allah ya sauke ta lafiya.